Shin Baƙaƙen Fatar Amurka Suna Taimakon Jami'o'insu? Amsa Ga Mai Tambaya

Wani malami daga cikin masu karatu ya aiko da tambaya mai muhimmanci. Ya ce ya ji labarin cewa wata attajira mai suna MacKenzie Scott ta raba wa jami'o'in baƙaƙen fata na Amurka miliyoyin daloli, kuma duk lokacin da ya ji an ambaci waɗannan jami'o'i sai ya ji ana maganar ƙarancin kuɗi da jiran taimakon attajirai farare. Don haka yake tambaya ko su baƙaƙen fatar ba su da al'adar bayarwa ne, idan kuwa suna da ita, me ya sa ba a ganin tasirinta a makarantunsu.

Malam, amsar a taƙaice ita ce suna bayarwa, kuma idan aka auna da abin da ke hannunsu suna cikin waɗanda suka fi kowa bayarwa a ƙasar. Amma wannan amsa ba za ta gamsar da kai ba sai mun bi tarihin abin daga tushe, domin irin bayarwar da suka gada ta sha bamban da wadda jaridu suke ɗaukar hotonta, kuma ramin da suke ƙoƙarin cikewa ba su suka haƙa shi ba.

Sai mu fara da zamanin da baƙar fata ba shi da wata hukuma da za ta dube shi idan ya kwanta ciwo ko ya mutu ya bar marayu. A shekarar 1787, a birnin Filadelfiya, wasu mutane biyu da aka haifa cikin bauta suka kuma fanshi kansu, Richard Allen da Absalom Jones, suka kafa ƙungiyar taimakon juna mai suna Free African Society. Kowane mamba yana zuba sule ɗaya a wata, kuma daga wannan asusu ake taimakon marasa lafiya da zawarawan da mazansu suka mutu da marayu, a kuma yi wa mamaci jana'iza ta mutunci. Bahaushen da ya san adashi da gayya da gudummawar biki ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Daga cikin wannan yunƙuri cocin baƙaƙen fata na African Methodist Episcopal, wato AME, ya fito a 1816, Allen ya zama bishop ɗinsa na farko, kuma coci ya zama wurin da baƙar fata yake ajiye amanarsa da kuɗinsa, tun da shi ne kusan cibiya ɗaya tilo da ke hannunsa baki ɗaya. Duk wanda yake son fahimtar bayarwar baƙaƙen fatar Amurka dole ya riƙe wannan, domin har yau kaso mafi girma na abin da suke bayarwa ta hanyar baikon ranar Lahadi da ushiri yake bi.

Dalilin da ya sa ilimi ya zama kan gaba a cikin abubuwan da ake tara wa kuɗi shi ne an haramta shi. Jihohin kudu da dama sun kafa dokar hana koya wa bawa karatu, musamman bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831. Daniel Payne, wanda ya buɗe makaranta a Charleston, ya rufe ta a 1835 saboda irin wannan doka, ya bar garinsu ya yi arewa. Shi ne kuma, bayan ya zama bishop na AME, ya ɗauki alkawari a 1863 cewa cocinsa zai sayi jami'ar Wilberforce da ke jihar Ohayo a kan dala 10,000, a lokacin da ba shi da kuɗin a hannu kuma ana tsakiyar yaƙin basasa. Mabiya cocin, talakawa ne mafi yawansu, su suka tara kuɗin, Payne ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci jami'a a Amurka. A watan Afrilun 1865 aka cinna wa babban ginin makarantar wuta, aka sake komawa neman gudummawa, aka sake ginawa. Haka cocin AME na jihar Jojiya ya kafa kwalejin Morris Brown a Atlanta a 1881, cocin AME Zion kuma ya kafa kwalejin Livingstone a Karolina ta Arewa, inda James Aggrey na ƙasar Gana ya yi karatu. Ko makarantun da mishan farare suka assasa, a ɗakin baƙar fata suka fara rarrafe: Morehouse ta fara a 1867 a ƙasan ginin cocin Springfield Baptist a Augusta, Spelman kuma ta fara a 1881 a ƙasan ginin cocin Friendship Baptist a Atlanta da ɗalibai 11, kafin kuɗin attajiri John D. Rockefeller ya zo har a sa mata sunan dangin matarsa a 1884.

Akwai labarai biyu ko uku da nake ganin sun fi alƙaluma bayyana yadda abin yake. Jami'ar Fisk ta birnin Nashville, wadda aka buɗe a 1866, ta kusa rufewa saboda bashi bayan shekara biyar kacal. A watan Oktoban 1871 ɗalibai tara, yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa tare da ma'ajin makarantar, George White, suna rera waƙoƙin ibada da iyayensu suka yi a gonakin bauta. Sun sha kora daga masaukai saboda launinsu, amma suka ci gaba har suka ƙetare teku suka yi waƙa a gaban Sarauniya Victoria a 1873. Da kuɗin da suka tara aka sayi fili aka gina Jubilee Hall, wanda aka buɗe a 1876 kuma yana tsaye har yau. A Tuskegee kuwa, jihar Alabama ta ware dala 2,000 a shekara don albashin malamai a 1881, amma ba ta ba da fili ko gini ba. Shugaban makarantar na farko, Booker T. Washington, ya ba da labarin wata tsohuwa da ta kai kimanin shekara 70, ta zo tana dogara sanda cikin tsummoki masu tsabta, ta ce ba ta da kuɗi amma ga ƙwai shida, a sa su cikin ilimin yaran nan, kuma ya ce a duk kyautukan da ya karɓa a rayuwarsa babu wadda ta taɓa zuciyarsa kamar wannan. Mary McLeod Bethune ita ma da dala ɗaya da rabi da 'yan mata biyar ta fara makarantarta a Daytona a 1904, tana gasa abincin dankali mai zaƙi tana sayarwa don biyan haya, makarantar da yau ake kira jami'ar Bethune-Cookman. Madam C. J. Walker, wadda ta fara da wankau kafin ta yi arziki da sayar da man gashi, tana cikin masu tallafa mata, ta kuma ɗauki nauyin ɗalibai a Tuskegee.

Inda nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne batun makarantun Rosenwald, domin a nan ne aka ajiye lissafi dalla-dalla, kuma lissafin ya amsa tambayarka kai tsaye. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Washington daga 1912 don gina wa yaran baƙaƙen fata makarantu a ƙauyukan kudu, kuma zuwa 1932 an gina kusan 5,000 a jihohi 15. Sunansa ne a kan makarantun, kuma ya cancanci yabo. Sai dai sharaɗin shirin shi ne sai al'umma ta kawo nata kason kafin a saki kuɗinsa, kuma da aka tattara lissafi sai aka ga gidauniyarsa ta ba da kimanin dala miliyan 4.3, su kuwa baƙaƙen fatar, waɗanda yawancinsu manoma ne masu noma gonar wani a raba amfani, sun ba da kimanin miliyan 4.7, sauran ya fito daga harajin gwamnati da wasu farare na yankunan. Sun sayar da kaji da auduga, sun yi liyafar soyayyen kifi, wasu sun ba da fili, wasu sun ba da katako da ƙarfin jikinsu. Masanin tarihin ilimi James D. Anderson ya kira wannan biyan haraji sau biyu, domin mutanen sun riga sun biya harajin da ake gina wa 'ya'yan farare makarantu da shi, sannan suka sake sa hannu a aljihu don gina na 'ya'yansu. Yawancinsu makarantun firamare ne, amma su ne suka ciyar da jami'o'in da ɗalibai, jami'o'in kuma suka ciyar da su da malamai. John Lewis, ɗan gwagwarmayar 'yanci wanda ya daɗe a majalisar dokokin Amurka, a irin wannan makaranta ya fara kafin ya kai Fisk.

Ba na raina kuɗin attajirai farare, domin ba don shi ba da makarantu da yawa sun mutu tun suna jarirai. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manyan gidauniyoyin farkon ƙarni na 20, irin su General Education Board na gidan Rockefeller, sun daɗe suna fifita koyar da noma da sana'ar hannu ga baƙar fata a kan ilimin da ke fitar da lauya da likita da masani, kuma kuɗinsu ya bi inda ra'ayinsu ya karkata. Wannan na cikin tushen saɓanin da ke tsakanin Washington da masanin nan baƙar fata W. E. B. Du Bois, kuma shi ya sa ɗaliban Fisk suka yi bore a 1924 da 1925 har shugabansu farar fata, Fayette McKenzie, ya sauka, bayan an zarge shi da danne ɗalibai don faranta wa masu ba da kuɗi rai. Saboda haka kwabon da talaka ya jefa a baiko yana da wata daraja da ta wuce adadinsa, domin da shi ne al'umma ta sayi ikon faɗa a ji a makarantarta.

A 1944 shugaban Tuskegee na lokacin, Frederick D. Patterson, ya ga cewa kowace kwaleji tana zuwa ƙofar attajirai ɗaya ita kaɗai tana dawowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya kira sauran su haɗa roƙonsu wuri ɗaya. Haka aka kafa United Negro College Fund da kwalejoji 27, kuma kamfe na farko ya tara dala 765,000. Daga 1980 mawaƙi Lou Rawls ya jagoranci shirin talabijin na shekara-shekara inda masu kallo suke buga waya su yi alkawarin dala goma ko ashirin, kuma a tsawon shekaru ya tara fiye da dala miliyan 200. An kafa Thurgood Marshall College Fund a 1987 don jami'o'in baƙaƙen fata na gwamnati. A gefe guda akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, irin su Alpha Phi Alpha ta 1906 da Alpha Kappa Alpha ta 1908 da Delta Sigma Theta ta 1913, waɗanda mambobinsu suke biyan kuɗin ƙungiya har tsufa, kuma rassansu a kusan kowane gari suna ba da tallafin karatu ga yaran unguwa. A 2018 Alpha Kappa Alpha ta tara wa waɗannan jami'o'i fiye da dala miliyan ɗaya cikin yini guda.

Ba zan iya wuce Oseola McCarty ba. An haife ta a 1908, ta bar makaranta a aji shida don jinyar gwaggonta, ta yi fiye da shekara 70 tana wankau da guga a garin Hattiesburg na jihar Misisipi. Ba ta taɓa sayen mota ba, tana zuwa ko'ina da ƙafa, tana ajiye ɗan abin da ta samu a banki. Da tsufa ya kama ta, ma'aikacin bankin ya ajiye mata sulalla goma a kan tebur ya ce ta raba su yadda take so a raba dukiyarta. Ta ware ɗaya don cocinta, uku don danginta, shida don jami'a. A 1995 aka sanar da cewa ta ba University of Southern Mississippi dala 150,000 don tallafa wa ɗalibai marasa galihu, musamman baƙaƙen fata. Abin da ya sa labarin ya fi ratsa ni shi ne wannan jami'a ba ta karɓi baƙar fata ba sai 1965, kuma Clyde Kennard, wanda ya nemi shiga kafin haka, an ƙulla masa sharri aka ɗaure shi. Matar da dokar garinsu ta hana wa ƙofar jami'ar a ƙuruciyarta ita ce ta buɗe wa jikokin wasu ita da kuɗin wanki.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarka, wato me ya sa duk da haka jami'o'in suke cikin ƙunci. Wani rahoton gidauniyar Kellogg na 2012 ya nuna cewa kusan biyu bisa uku na gidajen baƙaƙen fata suna ba da sadaka, jimillar kimanin dala biliyan 11 a shekara, kuma kason da suke bayarwa daga abin da suke samu ya fi na farare da kashi 25 cikin ɗari. Matsalar ita ce jami'a a Amurka tana tsayuwa ne a kan asusun dindindin, abin da ya yi kama da wakafi a wurinmu: a ajiye uwar kuɗi a juya ta, a riƙa cin ribarta kawai. Irin wannan asusu daga dukiyar da aka tara aka gada yake fitowa, daga gidaje da hannun jari da wasiyya, albashin wata ba ya gina shi. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa gidan farar fata da ke tsakiyar jeri yana da dukiyar kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa kimanin 44,900. Wannan tazara tana da tarihi: shekarun bauta ba tare da lada ba, rushewar Freedman's Savings Bank a 1874 wadda ta cinye ajiyar dubban 'yantattun bayi, da hana baƙar fata bashin sayen gida a unguwanni masu daraja har tsakiyar ƙarni na 20. Sakamakon haka asusun Harvard ya haura dala biliyan 50, yayin da na Howard, wadda take kan gaba a cikin jami'o'in baƙaƙen fata, bai daɗe da kaiwa biliyan ɗaya ba. Ko gidauniyoyi ma sun fi zuba ruwa a inda yake da dausayi, domin wani bincike da ƙungiyoyin Candid da ABFE suka fitar a 2023 ya nuna cewa a 2019 matsakaiciyar jami'a a cikin fitattun jami'o'i takwas da ake kira Ivy League ta samu ninki 178 na abin da matsakaiciyar jami'ar baƙaƙen fata ta samu daga gare su.

Gaskiya ne cewa a yawancin waɗannan jami'o'i kason tsofaffin ɗaliban da ke aiko da kuɗi kowace shekara ba shi da yawa, kuma masu kishinsu sun daɗe suna kokawa a kai. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wani bincike na cibiyar Brookings a 2016 ya gano cewa ɗalibi baƙar fata yana gama digiri da bashin da ya fi na farar fata da kimanin dala 7,400, kuma bayan shekara huɗu tazarar tana kaiwa kusan 25,000. Wanda yake shi ne na farko da ya yi digiri a gidansu, albashinsa yana biyan kuɗin makarantar ƙanne da hayar uwa da maganin kaka, kuma babu littafin lissafin da yake rubuta wannan a matsayin gudummawar ilimi, alhali kuwa ita ce. Sannan ofisoshin neman gudummawa na waɗannan makarantu ƙanana ne, wasu ba su da ma adireshin tsofaffin ɗalibansu. Inda aka tsaya aka nema da gaske, kamar jami'ar Claflin ta Karolina ta Kudu, an ga tsofaffin ɗalibai sun amsa fiye da na manyan jami'o'i da yawa. Kwalejin mata ta Bennett ma, da aka yi barazanar janye mata takardar amincewa, ta tara fiye da dala miliyan 9 cikin kimanin wata biyu zuwa farkon 2019 daga dubban masu bayarwa.

Manyan kyautukan 'yan shekarun nan abin farin ciki ne, kuma wasunsu daga baƙaƙen fata suka fito. Oprah Winfrey ta ba Morehouse jimillar dala miliyan 25, Robert F. Smith kuma ya tsaya a bikin yaye ɗaliban Morehouse a watan Mayun 2019 ya ce zai biya bashin karatun duk ajin, ɗalibai kusan 400, abin da ya kai dala miliyan 34. Kyautar MacKenzie Scott ta 2020, kimanin dala miliyan 560 ga jami'o'i fiye da 20, ta yi fice saboda ba ta gindaya sharaɗin yadda za a kashe ba, wanda a ganina ya fi adadin kansa muhimmanci idan aka tuna tarihin da na ambata. Sai dai wanda ya gama Morehouse a 2018 yana nan da bashinsa, kuma makarantun da sunansu bai kai na Howard da Spelman ba, ba kasafai irin wannan ruwa yake sauka a gonarsu ba. Kwalejin Saint Paul's ta Bajiniya ta rufe a 2013, Morris Brown kuwa ta yi kusan shekara 20 ba ta da takardar amincewa kafin ta dawo da ita a 2022.

Ya kamata mu ma mu damu da wannan batu, domin jami'ar Lincoln ta Fensilbaniya ce ta yaye Nnamdi Azikiwe a 1930 da Kwame Nkrumah a 1939, a lokacin da ƙofofi kaɗan ne a buɗe ga ɗan Afirka. Jami'o'in nan kimanin 100 ne, kashi 3 cikin ɗari na manyan makarantun Amurka, amma sun fitar da Martin Luther King da Thurgood Marshall da Kamala Harris da ɗimbin likitoci da malamai.

Abin da na bari a ƙarshe shi ne mafi nauyi a wurina, wato haƙƙin da gwamnatocin jihohi suka riƙe. Dokar Morrill ta biyu ta 1890 ta yarda jihohin da ke wariyar launi su kafa wa baƙaƙen fata nasu jami'o'in noma da ƙere-ƙere, bisa sharaɗin a raba kuɗi da adalci. Ba a yi adalcin ba. A watan Satumban 2023 sakataren ilimi Miguel Cardona da sakataren noma Tom Vilsack suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa waɗannan jami'o'i fiye da dala biliyan 12, kuma kason Tennessee State kaɗai ya kai biliyan 2.1. Ka kwatanta wannan da duk kyautukan da na lissafa, za ka ga ko an haɗa su ba su kai ko kusa ba. Shi ya sa wasu tsofaffin ɗalibai suka ga cewa gudummawar da ta fi dacewa su bayar ita ce lokacinsu da haƙurinsu a gaban alƙali. A jihar Maryland, gamayyar ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ta shigar da ƙara a 2006 a madadin Morgan State da Coppin State da Bowie State da Maryland Eastern Shore, suna zargin jihar da tauye su da kuma buɗe irin kwasa-kwasansu a jami'o'in da ke kusa don janye musu ɗalibai. Sun yi shekara 15 suna shari'a, kuma a 2021 jihar ta amince ta biya jami'o'in huɗu dala miliyan 577 cikin shekara goma.